Babi Na Uku: Hanyar Jami'a Tun Daga SS1 Take Farawa

A shekarar 2025 matasa kusan miliyan biyu ne suka zauna jarrabawar UTME, wadda kowa ke kira da sunan hukumar da ke shirya ta, wato JAMB. Aƙalla bakwai cikin kowane goma ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Wannan adadin ne jaridu suka ɗauka, aka yi ta ce-ce-ku-ce a kansa. Akwai kuma wani rukuni da ba a cika ƙirga shi ba, wato yaran da suka ci maki mai kyau amma shekara ta zagayo suna zaune a gida. Wani darussan da ya haɗa a JAMB ba su ne kwas ɗin da ya nema yake buƙata ba. Wata kiredit huɗu gare ta, na biyar ya maƙale a D7. Wani kuma komai nasa ya cika, sai dai ya nemi likitanci a inda masu nema suka fi kujerun yawa nesa ba kusa ba, bai kuwa tanadi wata mafita ba.

In ka bi sawun kowannensu za ka tarar matsalar ta girmi ranar jarrabawa da shekara biyu ko uku. Tun makon farko na SS1 ta soma, ranar da aka raba yara zuwa ajin kimiyya da na at da na kasuwanci, kowa ya bi abokinsa ko ya bi abin da aka ce masa a gida. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shekaru ukun nan na babbar sakandare su ne lokacin fafewar, kuma yawancin aikin a hannun ɗalibi yake, ko da makarantarsa mai kyau ce.

Ƙofofi uku

Mai neman jami'a a Nijeriya ƙofofi uku yake ratsawa. Ta farko ita ce takardar kammala sakandare: ta WAEC, hukumar da aka kafa tun 1952, ko ta NECO da ta fara jarrabawarta a 2000, ko ta NABTEB ga makarantun fasaha, ko ta NBAIS ga makarantun Larabci da addinin Musulunci. Abin da ake nema kiredit biyar ne a darussan da suka shafi kwas ɗinka, galibi har da Turanci da Lissafi. Kiredit daga A1 yake farawa ya tsaya a C6. D7 da E8 sun fi faɗuwa, amma a idon jami'a ba su cika gurbi ba. An yarda a haɗa sakamakon zama biyu, sai dai jami'o'i da yawa ba sa karɓar haɗi ga mai neman likitanci.

Ƙofa ta biyu ita ce UTME: darussa huɗu, Turanci dole ne a cikinsu, sauran ukun kuwa kwas ɗinka ne yake zaɓa maka su. Takardar WAEC ba ta tsufa, amma sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne tak. Ƙofa ta uku ita ce tantancewar da kowace jami'a ke yi wa masu nemanta, wadda aka shigo da ita a 2005. Wasu jarrabawa suke yi, wasu kuma makin JAMB da darajojin WAEC ko NECO suke haɗawa su fitar da jimilla. A irin wannan lissafi, mai B3 ya fi mai C6 ko da duka biyun sunansu kiredit.

Abin lura shi ne darussa iri ɗaya ne ake tambayarka a dukkan ƙofofin. Darasin da ba ka ɗauka a SS1 ba, da wuya ya fito a takardarka ta SS3, kuma in babu shi a can, makin JAMB ba zai maye gurbinsa ba.

A fara lissafi daga ƙarshe

Tsarin da ya fi aiki shi ne ɗalibi ya fara daga inda yake son zuwa, ya riƙa dawowa baya. JAMB tana da kundi da ke jera kowane kwas, da jami'o'in da ke koyar da shi, da darussan da ake buƙata a WAEC da kuma a UTME, har da sharuɗɗan da wata jami'a ta ƙara nata na daban. Kyauta ne a shafinta na intanet. Ɗan SS1 ya fi ɗan SS3 buƙatar wannan kundi, domin shi ne yake da sauran lokacin gyara. Kuma a riƙa duba na shekarar da ake ciki, saboda sharuɗɗa kan sauya.

Likitanci da haɗa magunguna da aikin jinya Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks suke nema a JAMB. Injiniyanci Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Akanta ba ya rabuwa da Lissafi da Ikonomiks. Lauya kuwa yana buƙatar Adabin Turanci, kuma a nan ne yaranmu da yawa suke tuntuɓe, domin akwai makarantu birjik da ba su da malamin wannan darasi, sai yaro ya kai SS3 yana cewa shi lauya zai zama alhali bai taɓa buɗe littafin adabi ko ɗaya daga cikin waɗanda aka tsara ba.

Ka leƙa cibiyar rajistar JAMB a watan Fabrairu. Yaro yana zaune gaban mai cike fom, layi ya miƙe a bayansa har waje. An tambaye shi kwas, ya ce injiniya. An tambaye shi darussa, sai ya waiga ya dubi abokinsa, sannan ya ce, "Malam, ba za a iya sa min Bayoloji a madadin Fiziks ba? Na fi gane shi." Mai kwamfuta ya ce, "Kai dai ƙanena faɗi abin da kake so, mutane na jira." A cikin minti biyu za a yanke hukuncin da ya kamata a ce an kwana an tashi da shi tun shekaru biyu baya.

Akwai kuma batun girman kai da ake ɗora wa ajin kimiyya. A gidaje da yawa, in aka ce yaro yana ajin at sai a ɗauka ya gaza. Gaskiya ne manufar gwamnati ta ba kimiyya kashi 60 na guraben jami'o'in gama-gari, ta bar wa sauran fannoni 40. Amma gurbin kimiyya ba ya amfanar wanda Fiziks da Kemistiri za su ba shi D7. Yarinyar da ke cin Turanci da Tarihi da Larabci cikin sauƙi, in aka tura ta kimiyya don a ce gidan su wane akwai likita, ana iya rasa likitar a kuma rasa lauyar. Sakamakon JSS3 da na zangon farko na SS1 shaida ne, a dube shi da idon basira. In za a sauya aji, a sauya kafin SS1 ta ƙare.

Darasi na takwas da na tara

WAEC tana ba ɗalibi damar ɗaukar darussa takwas ko tara. Biyar ko shida kwas ɗinka ya riga ya cinye su, wasu kuma tilas ne ga kowa. Ragowar ɗaya ko biyun nan su ne wurin dabara, kuma aiki biyu za su iya yi maka.

Na farko, su buɗe maka wata mafita. Ɗan kimiyyar da ya riƙe Aikin Gona ko Labarin Ƙasa ko Ikonomiks da kyau yana da inda zai juya in likitanci ko injiniyanci ya ƙi. Ɗan at da bai yi wasa da Lissafi da Ikonomiks ba, kwasa-kwasan zamantakewa a buɗe suke gare shi. Hausa da Larabci da Ilimin Addinin Musulunci darussa ne cikakku a JAMB, kuma yaron da ya tashi a Islamiyya yana da jari a cikinsu. Sai dai kada ya ɗauka iya magana da Hausa ya isa, domin jarrabawar tana tambayar nahawu da tsarin sauti da littattafan adabi da aka tsara.

Na biyu, su share maka hanyar shekarar farko a jami'a. Babban misali shi ne Lissafi mai zurfi, wanda ɗalibai ke kira Fada Mas. Babu shi a jerin darussan UTME, kuma yawancin jami'o'i ba sa sharɗanta shi, shi ya sa yara ke gudunsa. Amma duk wanda zai karanta injiniyanci ko kimiyyar kwamfuta ko Fiziks zai tarar da shi yana jiransa a aji ɗaya na jami'a, a zauren da ɗalibai ɗaruruwa suke gaban malami guda, babu mai tsayawa ya maimaita. Wanda ya taɓa shi a sakandare bita yake yi, wanda bai taɓa ba kuwa sabon karatu yake yi a guje. Haka Zanen Fasaha yake ga mai son zanen gine-gine.

To amma a san iyaka. Taura biyu ba ta taunuwa. In Lissafin gama-gari bai zauna ba, ɗaukar mai zurfi ƙarin nauyi ne kawai. Jami'a ba ta ba da lada don yawan darussa. Darajar biyar ɗin da ta nema take dubawa. Ma'aunin mai sauƙi ne: ƙarin darasi ya halatta ne in bai taɓa lokacin manyan biyar ɗin ba. In makarantarku ba ta da malaminsa, kana iya karanta shi a gefe don amfanin kanka ba tare da ka yi rajistarsa ba.

Manhaja ce ma'auni

Ga wata gaskiya da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba: makarantu kaɗan ne suke gama manhaja. Malami ɗaya yana riƙe da azuzuwa da yawa, zango yana farawa a makare, ana rufe makaranta saboda zaɓe ko matsalar tsaro, wani darasin ma sai a yi zango guda babu malaminsa. Mai tsara tambayoyin WAEC da na JAMB bai san da wannan ba. Daga manhaja yake ɗauko tambayarsa. Tazarar da ke tsakanin inda malaminku ya tsaya da inda manhaja ta ƙare, ita ce filin karatun kai, kuma babu mai cike ta sai ɗalibi.

Saboda haka aikin farko shi ne a mallaki manhajar. Ta JAMB kyauta ce a intanet, darasi-darasi, kowane batu da abin da ake so ɗalibi ya iya a kansa. Ka buga ta manyan darussanka huɗu a takarda. Ka bi ta da biro, ka yi wa kowane batu ɗaya daga alamomi uku: wanda aka koyar kuma ka iya, wanda aka koyar amma bai zauna ba, da wanda ba a taɓa ba. A ƙarshen kowane zango ka sake bi. Wannan takarda ta fi kowane jadawalin karatu amfani, domin ita ce ke gaya maka abin da za ka karanta in ka zauna.

Shekarun uku ba nauyinsu ɗaya ba. SS1 shekarar tushe ce, kuma batutuwanta suna da halin bin mutum. Wanda bai gane lissafin mol a Kemistiri ba, bai san dalilin da ya sa mol ɗaya na iskar gas yake cika 22.4 dm³ a ma'aunin zafi da matsi na ƙa'ida ba, zai yi ta karo da shi har ranar jarrabawa. Wanda bai iya juya fomula ya fitar da harafin da ake nema ba, Fiziks gaba ɗayansa zai zame masa dutse. SS2 ita ce shekara mafi nauyi kuma mafi tsawo, ita ce kuma shekarar da a jihohi irin su Kano ake zana jarrabawar kwalifayin, wadda gwamnati ke dubawa kafin ta biya wa ɗalibi kuɗin jarrabawar fita. SS3 kuwa gajeriya ce ƙwarai. Rajista tana cin zango na biyu, JAMB takan zo wajen watan Afrilu, WAEC ta biyo baya, NECO ta rufe a tsakiyar damina. Wanda ya bar sabon karatu sai SS3, watanni shida ne a hannunsa. Dogon hutun da ke tsakanin SS2 da SS3 shi ne dama ta ƙarshe ta cike manyan giɓoɓi, irin su sinadaran kabon a Kemistiri, da lantarki a Fiziks, da gadon halitta a Bayoloji.

Furaktikal yana buƙatar kulawa ta daban, domin ba a koyonsa daga littafi kaɗai. Ɗauki gwajin asid da bes. Ɗalibi zai zuƙi 25 cm³ na bes da fifet ya zuba a kwalba, ya ɗiga ruwan gwaji launin ya koma rawaya, sannan ya buɗe famfon buret yana sakin asid yana kaɗa kwalbar, har ɗigo ɗaya ya juya launin zuwa ruwan lemo. A nan zai tsaya, ya sunkuya idonsa ya yi daidai da saman ruwan, ya rubuta adadin da lamba biyu bayan ɗigo, ya maimaita har sakamakon ya zo kusa da juna. Hannun da bai taɓa riƙe famfon nan ba sai ranar jarrabawa, zai saki asid ya wuce. In ɗakin gwajin makarantarku a kulle yake ko babu kaya, ku haɗu ku roƙi malaminku ya nema muku izinin zuwa wata makaranta, ko sau biyu ne a zango.

Yadda ake karatun kai

Yawancin abin da ɗalibai ke kira karatu maimaita kallon shafi ne. Yaro zai buɗe littafin Ababio ko na Anyakoha, ya bi babi daga sama har ƙasa, komai ya yi masa kamar ya sani, ya rufe yana jin daɗi. Kashegari a ba shi tambaya ɗaya ya kasa. Gane abu in an gan shi daban ne da iya fito da shi daga ka, jarrabawa kuwa na biyun take nema. Duk wanda ya yi hadda ya san wannan: ba a cewa an riƙe shafi sai an rufe Alƙur'ani an kawo shi, kuma ba ya zama sai da muraja'a. Ƙa'idar ɗaya ce a Bayoloji. Ka karanta batu, ka rufe littafi, ka rubuta abin da ka riƙe a farar takarda, ka buɗe ka ga abin da ya zube. Ka dawo masa bayan kwana biyu, sannan bayan mako, sannan bayan wata.

Tambayoyin shekarun baya su ne abokin tafiya, amma akwai yadda ake cin moriyarsu. A SS1 da SS2 a bi su batu-batu: ka gama karanta motsi a Fiziks, ka nemo duk tambayoyin motsi na shekaru goma ka amsa. A SS3 ne ake ɗaukar takarda sukutum a zauna da agogo. Haddace amsoshin bayan littafi ɓata lokaci ne, balle ma wasu littattafan kasuwa akwai kurakurai a amsoshinsu. Ka ware littafi guda na kurakuranka: tambayar da ka faɗi, amsar da ka bayar, da dalilin da ya sa ka kauce. Bayan wata uku za ka ga kurakuran naka ba su da yawa, 'yan ƙalilan ne suke ta dawowa da sabuwar riga. WAEC ma tana wallafa rahoton manyan masu duba takardu a shafinta, inda suke faɗar wuraren da ɗalibai suka fi zubar da maki a kowane darasi.

Lokaci fa? Ɗan sakandare a garuruwanmu ba shi kaɗai ke da ranarsa ba. Akwai Islamiyya da yamma, akwai jiran shago ko zuwa gona, yarinya kuma ga girki da wanke-wanke da rainon ƙanne. Jadawalin awa shida a rana da ake liƙawa a bango ba ya kwana uku. Awa ɗaya bayan sallar Asuba, kafin gida ya tashi, da wata awar da dare, in aka riƙe su kullum tun daga SS1, sun fi kwanan zaune na watan jarrabawa. A ba wa darasi mai wuya lokacin safe. Iyaye kuma su sani, ɗauke wa yarinya aikin awa ɗaya a rana taimako ne da bai gaza biyan kuɗin lesin ba.

Karatun rukuni yana da amfani in mutum uku ne ko huɗu, kuma kowa ya zo da batun da zai koyar. Wanda ya yi wa abokansa bayani da Hausa har suka gane, shi ya fi kowa riba. Amma a ƙarshe a mayar da bayanin cikin Turanci a rubuce, domin da shi za a tambaya.

Turancin nan yana cikin darussan da ke hana yaran Arewa shiga jami'a, kuma shi ne wanda ba ya karɓar gaggawa. A WAEC za a nemi ka rubuta insha'i na kalmomi wajen 450, ka amsa tambayoyin fahimta, ka taƙaita dogon rubutu cikin 'yan jimloli, sannan ga gwajin furuci. A JAMB shi ne mai tambayoyi mafi yawa, har da na littafin labari da hukumar ke zaɓa. Maganinsa karatu ne na yau da kullum: shafi biyu ko uku na labari ko jarida, da ƙamus a kusa, da insha'i ɗaya duk mako wanda wani zai duba da jan biro. Mai rauni a Turanci yana asarar maki har a Fiziks, saboda bai fahimci abin da aka tambaye shi ba.

Sai batun cibiyoyin da ake kai yara don a ba su amsa. Ban da haɗarin a riƙe sakamakon cibiya gaba ɗaya, takardar da aka samu ta wannan hanya ƙofa ɗaya kawai take buɗewa. Mai A1 a Kemistiri da ya ci 160 a JAMB ya tona wa kansa asiri, kuma aji ɗaya na jami'a ba ya jin roƙo.

Minti 120 a gaban kwamfuta

Tun 2015 UTME ta koma kwamfuta gaba ɗaya, WAEC ma ta fara bin wannan hanya a 2024 da masu zana jarrabawa daga waje. Tambayoyin UTME 180 ne, 60 na Turanci da 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun, cikin awa biyu. In ka raba, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Wanda ya tsaya kokawa da lissafi ɗaya na minti biyar ya sayar da tambayoyi bakwai. A fara da darasin da aka fi ƙarfi, a tsallake mai wuya a dawo mata, kuma kada a bar tambaya babu amsa, tunda ba a rage maki don kuskure.

Ba sai ka iya kwamfuta sosai ba. Haruffan A da B da C da D su ne na zaɓen amsa, N ta kai ka gaba, P ta dawo da kai baya, S ta miƙa aikinka. Amma yaron da bai taɓa zama gaban allo ba, hannunsa na rawa, agogo na ƙirgawa a saman shafi, zai ɓata minti goma kafin hankalinsa ya dawo. Jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa kafin ta gaske ta cancanci kuɗinta. Haka kuma tun daga 2021 ba a rajista sai da lambar NIN. A tabbatar tun a SS2 cewa suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a NIN da rajistar makaranta. Muhammad a nan, Mohammed a can, ƙaramin abu ne da ke cin watanni kafin a gyara.

Lissafin gurbi

Makin da ake sanarwa bayan taron JAMB na shekara, kamar 150 da aka sa wa jami'o'i a 2025, shi ne mafi ƙarancin abin da za a saurara. Kowace jami'a tana da nata, kowane sashe kuma yana da nasa. Kujerun likitanci da na lauya ƙayyadaddu ne, domin hukumomin da ke kula da waɗannan sana'o'i su ne ke yanke wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka. A nan gasa ce tsakaninka da sauran masu nema.

Jami'o'in tarayya suna raba gurabensu kashi uku: 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki daga ko'ina, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka lasafta a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko, waɗanda yawancin jihohin Arewa suna ciki. Ma'ana, ɗan Jigawa da ya nemi Jami'ar Bayero yana da hanyoyi fiye da ɗaya, amma a kowace hanya da 'yan'uwansa masu irin damarsa yake takara. Jami'ar da ka sa a zaɓin farko ita ce za ta dube ka da gaske. Kuma tun 2017 duk wani gurbi ta manhajar CAPS ta JAMB yake bi. Wanda bai ɗora sakamakonsa na WAEC ko NECO a can ba, ba za a ba shi ba ko da makinsa ya kai.

In shekarar farko ba ta yi ba

Kafin tsarin 6-3-3-4, ɗalibai kan yi shekara biyu na karatun HSC bayan sakandare kafin jami'a. Wannan matakin bai mutu ba, sunansa ne ya sauya. IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da ita tun shekarun 1970, karatu ne na darussa uku a mataki mai zurfi cikin kusan shekara guda, a makarantu irin su ta share fagen shiga jami'a da ke Funtuwa da kwalejojin jihohi. JUPEB, wadda Jami'ar Legas ta jagoranci kafawa, irin aikin take yi. Wanda ya ci da kyau yana neman shiga aji biyu kai tsaye ta fom ɗin DE na JAMB, kamar yadda masu NCE da difloma suke yi. Ga yaron da ya riga ya cika kiredit ɗinsa, wannan ya fi zaman jiran wata JAMB ɗin, domin shekarar ba ta tafi a banza ba. Abubuwa biyu za a bincika kafin a biya kuɗi: cibiyar tana da rajista ta gaskiya, kuma jami'ar da ake so tana karɓar wannan takarda a kwas ɗin da ake so. Wanda kiredit ne ya gaza masa, jarrabawar 'yan waje ta WAEC ko NECO a ƙarshen shekara ita ce gyaransa.

Masu hangen ƙasashen waje nasu lissafin ya ɗan bambanta. Jami'o'in Ingila galibi suna neman A-Level ko shekarar share fage a kan WAEC. A Amurka akwai darussan AP, masu nauyin shekarar farko ta jami'a, da ake jarrabawarsu a watan Mayu a ba da maki daga 1 zuwa 5, kuma an yarda ɗalibi ya karanta da kansa ya zauna in ya sami makarantar da ke shirya ta. Sai dai jami'o'in can suna auna ɗalibi ne da abin da makarantarsa take koyarwa, don haka ba a sa ran ɗan makarantar gwamnati a Gusau ya zo da AP. Sakamakon zango-zango tun daga SS1, da WAEC mai kyau, da jarrabawar SAT in an nema, su ne jarinsa. Ofishin EducationUSA da ke Abuja da Legas yana ba da shawara a kan wannan.

Duk hanyar da aka ɗauka, aikin wannan makon ɗaya ne. Ɗalibi ya rubuta kwas uku da yake so, ɗaya na buri, ɗaya na tsakiya, ɗaya wanda yake da tabbacin samu. Ya buɗe kundin JAMB ya rubuta darussan kowanne a ƙarƙashinsa, ya gwada da waɗanda yake ɗauka yanzu, sannan ya kai wa mahaifinsa ko mahaifiyarsa da malami ɗaya da ya san ƙoƙarinsa su duba tare. Abin da ya rage bayan wannan shi ne kuɗi: na rajista, na fom, na makaranta, da inda ake samun tallafi ko bashin karatu. Shi ne batun babi na gaba.